Makiyayin Ƙarfe

Shekara tara ke nan ina gadin wannan fili a Garwa,
bayan ofishin duwan, inda darbejiya uku
ke raba wa motoci arba'in da ɗaya inuwa.
Ban iya tuƙi ba. Ko keke ban mallaka ba.
Amma in dare ya yi ni ne makiyayinsu,
ina zagawa da tocila, ina ƙirga su kamar shanu,
shanun da ba sa kiwo, ba sa tuƙa,
sai zubar da baƙin mai a ƙasa, ɗigo-ɗigo.

Waccan ja ta Garga ce, mai busasshen kifin Lagdo.
Shi ne hannu na uku da ya saye ta,
da kati mai ruwan toka, da hatimi, da sa hannu.
A shingen hanyar Gashiga aka buga lambar jikinta,
na'ura ta ce ba ta san ta ba,
wai ba ta ƙofa ta shigo ƙasa ba, ta katanga ta diro.
Garga ya ce: to, ni na haura da ita?
Aka ce doka ba ta bin sawu,
wanda ta tarar da igiya a hannu shi take tambaya akuya.
Kuɗin fito, da tara, da kuɗin kwanan fili
suka haɗa kai, suka fi motar tsada.

Sufeto Njidda ba mugu ba ne, ni shaida ne.
Shayina yake sha, yakan tambayi ciwon gwiwata.
Ya ce mini: Baba Sanda, gadar Binuwai
ba da fatan alheri aka kafa ta ba.
In kowa ya bi ta daji da tasa, wa zai biya kwalta?
Ya buɗe littafi ya nuna mini layin da ɗan yatsa.
Faransanci ne. Na gyaɗa kai.
Gaskiyarsa na da ƙafa, na ga tana tsaye.

Sai dai akwai wata fara, doguwa, mai baƙin gilashi,
da aka shigo da ita ran Talata da la'asar.
Kafin in idar da sallar isha'i an ce in buɗe ƙofa.
Ban ga rasit ba. Waya kawai na ji ta yi ƙara.
Shi ma Njidda ranar bai sha shayi ba.

Garga ya biya mai rubutu, aka tsara masa koke:
shin halal ne a karɓi bashin wani a wuyan wani?
Takarda ta hau mota zuwa Yawunde.
Ita ta samu tafiya.
Damina biyu ta wuce, kaza ta yi kwanci ƙarƙashin injin,
tumfafiya ta leƙo ta inda ake taka birki.

Duk Juma'a in an sauko yakan zo da bokiti da tsumma.
Ya wanke gilashi, ya danna tayoyin da suka kwanta,
ya shiga, ya kama sitiyari da hannu biyu,
yana duban katanga kamar hanyar Ngaundere ce.
Ni kuwa sai in juya baya, in yi kamar ina shara.

Ranar gwanjo ya zo da kuɗin kifin wata huɗu a aljihu,
ya tsaya yana taya abinsa.
Wani bakanike daga Yelwa ya ɗara shi da jaka goma,
don ƙofofi yake so, da fitilun baya.
Aka ja ta da sarƙa. Ba wanda ya nemi makulli.

Ta bar tabo mai kusurwa huɗu inda ciyawa ba ta fito ba.
Juma'ar da ta biyo, sai ga shi da bokitinsa.
Muka tsaya a bakin tabon, ba mai magana.
Ya juye ruwan a gindin darbejiya.

Daren nan na ƙirga arba'in.
Kafin hantsi sun zama arba'in da biyu.